Rana ta Uku a Gidan Kawu

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Kowa ya san wannan, kowa kuma ya faɗa mini shi a ranar har kunnena ya gaji. Mata ba sa bin gawa, saboda haka abin da na gani na jana'izar kawu kekuna ne. An jingina su a katangar gidansa na unguwar Sakasaka a Tamale tun daga bakin zaure har kwanar layi, wani a kan wani, har masu wucewa suna raɓawa ta gefen kwata. Yawancin masu kekunan ɗalibansa ne na dā: akawu na ofisoshi, ma'aikatan asibiti, malaman firamare, har da wani ɗan sanda da ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta.

Da suka dawo daga maƙabarta suka zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, can sai muka ji dariya. Matan cikin gida suka dubi juna. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Wannan wane irin zaman makoki ne? Ticha bai kwana a ƙasa ba, yaran shi suna buɗe haƙori." Na leƙa ta zaure. Ɗan sandan nan ne yake kwaikwayon yadda kawu ke ɗaga yatsa a aji ya ce, "Bar shi ya sha ruwa tukuna," sauran suna dariya suna share ido da hannun riga. Na dawo na zauna. Bayanin yana da tsawo, ni kuwa ba ni da ƙarfinsa a ranar.

Abokin kawu na ƙuruciya, mai sayar da goro a babbar kasuwa, ya shigo yi mana gaisuwa. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Shekara da shekaru ina gaya masa, kai jikan malamai ne, ka bar karanta wa yara ƙaryar Turawa. Bai ji ba. Amma wallahi ni bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta wasa." Bayan fitarsa wata Bafulatana mai tallan nono ta iso daga bayan unguwar Kukuo, a ƙasa, ƙafafunta duk taɓo. Ta sauke ƙwarya a gaban matar kawu, ta nemi gefe ta zauna. Tana nan zaune har rana ta yi sanyi, sannan ta tashi ta tafi ta bar ƙwaryar.

Ni ban yi kuka ba, mata suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Shekara biyu muna gari ɗaya da kawu, muna koyarwa a makaranta ɗaya, ba mu yi wata magana da ta wuce gaisuwa ba, kuma laifin nawa ne. A makon da ya rasu na je neman gafararsa, ban kai ga faɗar abin da ya kai ni ba. Da wannan nake zaune a tsakar gidan, ina amsa "Amin, amin" ban san abin da ake roƙo ba. Na ɗauki alƙalami yanzu ne don babu wani bango a makarantar da ke ɗauke da sunansa, ɗaliban nan masu dariya kuma za su tsufa. In ban rubuta ba, nan gaba sai a ce wai an yi wani malami mai tara gwangwani.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ina shekara biyar aka ba shi ni riƙo, don shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. "Uwata, kawo mini takalmi." "Uwata, wa ya shanye mini koko?" Matarsa 'yar ƙabilar Dagomba ce, Mma muke ce mata, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, makaranta kuma "sukuru". Ita ta yi mini kitso, ita ta koya mini tuƙa tuwo. Shi kuma ya ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni makaranta, a lokacin da mutanen unguwa ke ganin sa 'ya mace a boko kamar zuba ruwa ne a kwando. Da na kai sakandare sai na faɗa ajinsa, mu huɗu mata cikin maza.

Turanci yake koyarwa, amma hanyarsa a zango, unguwar Hausawa baƙi, ya samo ta. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar nan, kuma dokar da aka karɓe su da ita, wadda suka karɓi na bayansu da ita, ita ce: baƙo in ya sauka, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, a kai masa tuwo. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai rana ta uku. A zamaninmu yawancin gidaje sun saki wannan, baƙo bai gama cire takalmi ba an tsare shi da tambaya. Kawu bai saki ba. Ya riƙe ta a kan mutane, sannan ya ɗauke ta ɗungurum ya kai aji ya ɗora wa kalmomi.

Kowane ɗalibinsa yana da gwangwanin madara a kan tebur, an wanke an daddake bakinsa don kada ya yanki hannu. Masauki yake kiransa. Muna karanta labari, in ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, ba ka da izinin tambaya. Sai ka rubuta ta a 'yar takarda tare da jimlar da ta zo a ciki, ka jefa a gwangwani. In ka sake haɗuwa da ita, a wannan labarin ko a wani, ka fito da takardar ka duba da su wa take tafiya yau, bakin wa ta fito, cikin fushi ko cikin murna. Sai a haɗuwa ta uku za ka miƙe ka gaya wa aji wace ce baƙuwarka. Daga nan ne kawai ake kai ta gaban Sarkin Zango, wato ƙamus. Guda ɗaya ne a duk ajin, babba, yana naɗe cikin tsohon zanen Mma, ɗaure da roba a bayan keken kawu. Wanda ya yi garajen ɗaga hannu tun a haɗuwar farko, yatsan nan zai gani. "Bar shi ya sha ruwa tukuna. Wanda ya tare baƙo a bakin ƙofa ya ce ya sunanka, suna kawai zai samu."

Littattafan kuwa tsofaffin gajerun labarai ne na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Wani malami Bature ne ya bar su a kabad da zai koma gida, gara ta fara cinsu, kawu ya kwashe ya shanya a rana ya ɗinke bangonsu da zare. Ba su isa kowa ya samu nasa ba, mu uku-uku muke haɗa kai a kan ɗaya. Labaran teku ne da jiragen ruwa, da ƙasashen da ruwa ke daskarewa, mu kuwa ko babban kogi yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ma karanta dogon littafi kamar 'yan ajin sama na wata makarantar. Ya ce gajeren labari ƙaramin gida ne, baƙo ba ya ɓacewa a cikinsa, duk inda ka juya za ka sake ganinsa.

Shekarar da na shiga ajinsa ce aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Mun yi mako muna fareti a rana, an raba mana kofuna da 'yan tutoci, kowa a gari yana kiran kalmar nan ta Turanci mai nufin 'yanci, har matan kasuwa da ba su san ko harafi ɗaya ba. Da muka koma aji wani yaro ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a allo. Kawu ya shigo ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ce, "Ita ma baƙuwa ce. Jiya ta sauka. Ku sa ta a gwangwani." Muka yi dariya muka sa. Har na bar ajinsa bai ce ta kai rana ta uku ba, kuma ban ji ya faɗa ba daga baya.

Akwai wani yaro a ajinmu, ɗan Bafulatanar nan mai nono. A bencin baya yake zama, ba ya magana, don ranar farko da ya buɗe baki an yi masa dariya, wasu kuma suna toshe hanci wai yana warin shanu. Har an fara maganar a mayar da shi ajin baya. Wata rana muna karanta labarin wani tsohon makiyayi da hazo ya rufe shi da tumakinsa a kan dutse. Akwai kalma ɗaya da ta yi ta dawowa, wani abu da tumakin ke yi, kuma duk lokacin da tsohon ya ji suna yinsa sai hankalinsa ya kwanta. Mu 'yan cikin gari muka yi ta harbi a iska, wani ya ce barci, wani ya ce kuka. A zuwanta na uku sai ga hannu daga bencin baya. Yaron ya miƙe ya ce da Hausa, don Turancin ya ƙi fitowa, "Ticha, tuƙa ce, sake tauna abin da suka ci. Dabba ba ta tuƙa sai in babu abin tsoro kusa. Shi ya sa tsohon ya daina jin tsoro." Kawu ya kwance robar, ya warware zanen, ya buɗe ƙamus ya karanta a zuciyarsa, ya rufe. Ya ce, "Sarkin Zango ya ce ba shi da abin ƙarawa." Sannan ya sa yaron ya fito gaba ya yi mana bayanin sauran labarin, mu da muke toshe hanci muna rubutawa. Yaron nan yanzu malamin dabbobi ne a can arewa da mu. Tun daga wannan makon uwarsa take kawo nono gidan kawu duk Juma'a, ya yi ya yi ta bari ta ƙi.

A gida ma haka yake. Kwalin sukari, bayan tsohuwar ambulan, takardar da aka ƙunso gyaɗa, duk ba a zubarwa, yana yanka su daidai da almakashi bayan la'asar yana tarawa 'yan aji. Mma takan ce, "Wannan mutum, in ka ajiye takarda ka juya baya, ya zama abincin gwangwani." In mai gyaran keke ya faɗi wata kalmar Dagbani, harshen Dagomba, da bai sani ba, ba zai tambaya ba, sai ya yi ta kai keken gyara ba abin da ya same shi har ya ji ta sau uku. Yana cin goro rabi ya mayar da rabi aljihu ya manta, Mma ta tsince shi wurin wanki. Bai iya faɗa ba. In ransa ya ɓaci, tabarau yake cirewa ya yi ta gogewa da bakin riga, mu kuma mun san gara ya zage mu.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: kawu yana da taurin kai, kuma hanyarsa tana da nawa. Sai zango guda na karatu ya ƙare ba a wuce labari uku ba. Jarrabawa kuwa daga nesa take zuwa, ba ruwanta da baƙo ko tabarma. Sabuwar gwamnati tana neman akawu da malamai da gaggawa don cike kujerun da Turawa suka bari, iyaye sun sayar da doya da akuya sun kawo 'ya'yansu, suna son ganin takardar shaida. Wasu ɗalibansa masu ƙoƙari sun faɗi, don tambayoyin sun zo daga inda ba su kai ba. In an gaya masa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ba ya ƙarasa karin maganar, inda aka ce sai dai a daɗe ba a je ba.

Ni na ci jarrabawa, aka tura ni kwalejin horon malamai a kudu. A can na ga teku da idona, na kuma ga wata hanyar: kalma ashirin kowace safiya a allo, kowace da ma'anarta a gefe, a haddace, a yi gwaji. Abin ya burge ni, don yana da tsabta, yana da sauri, kana ganin amfaninsa a takarda. Na dawo Tamale da takalmi mai rufi da laima, aka ɗaura mini aure na tare a unguwar Kanvili, aka kuma ba ni aiki a makarantar da na fito. Ɗalibai suna ce mini Madam. Kawu ya yi ta yawo da ni ofis-ofis yana cewa, "Ga uwata, ta dawo ta karɓi alli."

A zangon karatu na biyu aka kira taron malamai. Sabon hedimasta mutumin kirki ne, amma daga sama an matsa masa kan sakamakon Turanci. Ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Manyan malamai suka sunkuyar da kai, don babu mai son taɓa kawu. Ni ce na miƙe. Da na tsaya a kan cewa a gwada sabuwar hanya a ajin ƙarshe, da babu laifi. Amma na ga idanu a kaina, kaina ya kumbura. Na ce ƙasa tana sauri, ba ta da kwana uku da za ta ba kowace kalma. Na ce gwangwani an yi shi ne don madara. Aka fashe da dariya, kuma ba zan ɓoye ba, dariyar nake nema. Kawu ya cire tabarau ya goge, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Madam ta yi gaskiya."

Tun ina shekara biyar ban taɓa jin wani suna daga bakinsa ba sai Uwata. Na zauna. Da aka tashi taron, girman kai bai bar ni na bi shi waje ba.

Aka ba ni azuzuwan sama. Shi aka bar masa 'yan aji ɗaya da makullin sito, inda ake ajiye alli da tsintsiya. Littattafan labaran ma sito aka mayar da su, sai ya zama shi ne mai kaɗe musu ƙura. Ɗalibaina sun fi cin jarrabawa, wannan gaskiya ne, hedimasta har ya yaba mini a gaban taro. Sai dai in na tare su wata guda bayan gwaji, kalmomin sun watse kamar 'yan kasuwa da ruwan sama ya sauko. Har yau ban san iyakar gaskiyata da iyakar tasa ba, kuma na gaji da auna wannan. Abin da na sani shi ne wurin da na yi maganar da yadda na yi ta. A wurinmu ɗa ba ya tsinka kawunsa a gaban mutane, balle kawun da ya goya shi a bayan keke.

Haka muka yi shekara biyu. In mun haɗu a baranda in durƙusa, ya ce, "Madam, an tashi lafiya?" ya wuce. Da salla in je gida, a karɓe ni da fara'a, a cika mini kwano, babu wanda ya ɗaga maganar. Mahaifiyata ta kira ni ta ce in je in kama ƙafar wanta. Na ce to, in an gama jarrabawa. Aka gama, na ce in an dawo hutu. Kullum ina da dalili, kuma kowane dalili mai kyau ne in an dube shi shi kaɗai.

Da daminar bana ƙafafunsa suka kumbura, aka rataye keken a zaure. Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na ɗaura niyya na tafi Sakasaka. Na same shi a kujerar kwance a rumfa, ya rame, tabarau ya yi wa fuskarsa yawa. Ya dube ni, ya dubi yadda na ƙi zama a kujera, sai ya kira Mma ya ce, "An yi baƙuwa. Kawo ruwa, a shimfiɗa mata tabarma." Na durƙusa na ce, "Kawu, dama na zo ne..." Sai ga yatsan nan. "Sha ruwa tukuna." Na sha. Muka yi hirar ruwan sama da masarar Kukuo da tsadar kifi. Mma ta kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, na ci na tafi.

Talata na koma. Tabarmar tana wurinta. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu, in karanta masa wani abu, ya zaro littafi daga ƙarƙashin matashi. Labarin makiyayin nan ne, ashe ya fito da shi daga sito. Ina cikin karatu na ci karo da wata kalma da ni kaina ban sani ba, ni Madam mai kalma ashirin kowace safiya, sai na haɗiye ta na wuce. Idonsa a rufe ya ce, "Kin tsallake baƙo." Muka yi dariya tare, karo na farko a shekara biyu. A nan ya kamata in faɗa, ko ya ɗaga yatsa in kama yatsan in faɗa. Amma gaskiya daɗi na ji da dokar ta ba ni ƙarin kwana ɗaya, na fake a bayanta. Da zan tafi ya ce, "Sai gobe, in Allah ya kai mu."

Laraba da safe na biyo ta bakin layinsu a kan keke, har na rage gudu. Ina da gwajin kalmomi da 'yan ajin ƙarshe a darasin farko, na riga na rubuta tambayoyin. Na ce in an tashi na zo in zauna a natse, ba a tsaitsaye ba. Ina tsaye a gaban allo ina karanto kalma ta goma sha wani abu, sai na ga mai goron nan, abokin kawu, a bakin taga, ba hula a kansa.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar uku. Aka soya masa, malamai suka yi karatu, aka raba sadaka, kekunan suka ragu ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar Mma ta aiko a kira ni. Tana zaune a rumfa cikin kayan takaba, kusa da kujerar kwancen da babu kowa a kai. Sai a lokacin na lura tabarmar nan tana shimfiɗe a inda na bar ta, duk cikar gidan nan kwana uku ba ta bar kowa ya zauna a kai ba.

Ta ce, "Laraba, ya yi sallar asuba, ya ce in ba shi farin riga. Ya ce in aika a sayo goro fari. Ya ce in kaɗe tabarma in shimfiɗa. Na ce Ticha, yaro yana sukuru, sai azahar. Ya ce shimfiɗa dai. Yau rana uku, yau zan tambayi uwata abin da ya kawo shi."

Na dubi tabarmar.

Ta ce, "Shi ya tafi, tambaya ya rage a gida. Ni ban yi sukuru ba, amma tambaya ɗaya zan iya. Zauna."

Na cire takalmi na zauna a tabarmar. Ta zuba ruwa a moɗa ta miƙo mini, ta jira na sha. Sannan ta ce, "To, baƙo. Me ya kawo ka?"

Na faɗa mata duka. Taron, gwangwanin madara, dariyar da na nema, shekara biyun, bakin layin da na rage gudu na wuce. Kukan da bai zo ba ranar Laraba ya zo, har maganar tana yankewa ina ɗorawa. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma ce in yi haƙuri ba. Da na yi shiru ta ce, "Ya ƙare?" Na ce ya ƙare.

Ta ce, "Shi ya sani. Tun Litinin ya sani. Kai ka zauna ajin shi, ka taɓa gani ya buɗe babban littafi bai riga ya san abin da ke ciki ba? Tambaya ba don mai gida ba ne. Don baƙo ne, ya sauke kaya."

Na ce, "Mma, ya ce ya yafe mini?"

Ta dubi kujerar. Ta ce, "Bai faɗa ba. Ba zan sa magana a bakin wanda ya mutu ba. Abin da kunne na ya ji, bai ce Madam ba. Ya ce uwata."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ba zan samu ƙari ba a duniyar nan. Wasu ranakun yana isata, wasu ranakun ba ya isa. Mma ta naɗe tabarmar da kanta ta ɗaure mini a bayan keke, tare da ƙamus ɗin cikin tsohon zanenta, da robarsa.

Allah ya karɓi baƙuncin kawu, ya shayar da shi kafin a tambaye shi.